Malamin Lissafi a Makarantar Sakandare: Amsoshin Tambayoyin Iyaye da Matasa a Arewacin Kamaru

Duk shekara idan damina ta yi nisa, watan Satumba ya kawo kai, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawo mini daga bakin iyayen yara da kuma matasan da suka ci jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, suna neman inda za su dosa. Wasu a ƙofar masallaci suke tare ni, wasu kuma har gida suke zuwa da takardar sakamakon ɗansu a ninke cikin aljihu. Na shafe shekaru ina koyar da lissafi a makarantun gwamnati tsakanin Garwa da garuruwan da ke kewaye da ita, shi ya sa na ga ya dace in tattara tambayoyin wuri guda, in amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da idona ya gane mini.

Malam, daga wane aji zuwa wane aji aikin malamin lissafi na sakandare yake?

A Kamaru ilimin boko ya kasu gida biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kamar yadda dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta tanada, kuma makarantun sakandare na ɓangarorin biyu suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimin sakandare, wadda aka fi sani da MINESEC. A ɓangaren Faransanci, wanda shi ya fi yawa a jihohinmu uku na Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, karatun shekara bakwai ne. Ana farawa daga ajin 6e a gangaro zuwa 3e, inda ake rubuta jarrabawar BEPC, daga nan sai 2nde, sai 1ère mai jarrabawar Furobatuwar, sai ajin ƙarshe na Taminal inda ake rubuta Bak. A ɓangaren Ingilishi ma shekara bakwai ne, biyar kafin jarrabawar GCE ta farko da biyu kafin ta gaba, kuma hukumar da ke shirya su tana Buya.

Saboda haka malami ɗaya yana iya samun kansa da sassafe yana nuna wa yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yadda ake riƙe kwamfas a zana da'ira ba tare da an huda takarda ba, da azahar kuma yana tare da samarin Taminal C, wato sashen lissafi, a kan logaritim da lissafin yiwuwar aukuwa. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san cewa na safen ne ya fi wuya ba.

Wace takarda ake buƙata kafin mutum ya zama cikakken malamin lissafi?

Hanyar da aka daɗe a kanta ita ce ta babbar makarantar horon malamai, wato ENS. Ta Yawunde ita ce uwa, tun 1961 take aiki. Ta Marwa an buɗe ta tare da Jami'ar Marwa a 2008, kuma zuwanta ya sauƙaƙa wa 'yan arewa ƙwarai, domin kafin nan sai mutum ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundere ya kwana a hanya kafin ya kai inda za a horar da shi. Akwai kuma ta Bambili da ta Bartuwa. Ba a shiga ko ɗaya daga cikinsu sai da jarrabawar gasa.

Matakin biyu ne. Mai Bak ko mai GCE ta gaba yana shiga mataki na farko, ya yi shekara uku, ya fito da takardar DIPES I, a kira shi PCEG, wato malamin da asalin aikinsa ƙananan azuzuwa ne. Mai lisans, wato digirin farko, daga jami'a yana shiga mataki na biyu, ya yi shekara biyu, ya fito da DIPES II, a kira shi PLEG, wanda ke da izinin koyarwa har Taminal. A cikin horon akwai zurfafa lissafin kansa, da dabarun koyarwa, da sanin halayyar yara, da dokokin aikin makaranta, sannan akwai zaman gwaji a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, inda ɗalibi-malami yake tsayawa gaban aji a ƙarƙashin idon wani tsohon hannu, a ƙarshe masu dubawa su zo su zauna a bayan aji su ba shi maki. Mai neman DIPES II sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi. Masu koyar da darussan sana'a kuwa makarantunsu daban ne, su ne ake kira ENSET.

A takarda haka rabon yake. A makarantun da ke nesa da birni kuwa, inda malamin lissafi ɗaya ne tak, ba wanda ke tambayarsa mukaminsa kafin a miƙa masa Taminal.

Shin duk wanda ya fito daga ENS gwamnati na ɗaukarsa aiki kai tsaye?

A da haka abin yake: cin gasar shiga kamar samun aiki ne, sai dai jiran lambar ma'aikaci, wato matirikil, da jiran albashin farko, wanda yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Jinkirin nan da bashin haƙƙoƙin da suka taru su ne suka haifar da yajin aikin malamai na farkon 2022, wanda aka sani da OTS. Daga baya gwamnati ta raba horo da ɗaukar aiki, ta yadda samun takardar ENS ba shi ne samun kujera a aikin gwamnati ba. Duk mai niyya ya karanta sanarwar shekarar da zai shiga da idonsa, kada ya dogara da labarin yayansa da ya shiga shekara goma da suka wuce.

Ɗana yana 3e kuma yana sha'awar wannan aiki. Wane sashe ya kamata ya bi?

Ya nemi 2nde C, sannan ya ci gaba da sashen C har Bak, domin shi ne sashen lissafi da kimiyyar fizik. Wanda ya bi sashen D, na lissafi da kimiyyar halittu, ƙofa ba ta rufe masa ba, amma zai tarar da wasu babobi a jami'a waɗanda abokansa na C sun riga sun saba da su, sai ya yi ramuwa. Bayan Bak yana iya gwada gasar ENS nan take, ko ya yi lisans ɗin lissafi a Ngaundere ko Marwa sannan ya nemi mataki na biyu. Shawara ɗaya zan ƙara: ya kula da Faransancinsa kamar yadda yake kula da lissafinsa, domin da baki ake koyarwa.

Wanda yake da digiri a lissafi amma bai yi horon koyarwa ba, ba zai iya aikin ba?

Da yawa suna yi. Makarantu masu zaman kansu suna ɗaukar masu lisans, kuma a makarantun gwamnati ma akwai malaman wucin gadi, waɗanda ake kira bakater, da ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE take biya daga kuɗin da iyaye suka tara. Ba don su ba, da azuzuwa da yawa a ƙauyuka sun shekara ba su ga malamin lissafi ba, kuma na san wasu a cikinsu da suka fi masu takarda riƙon amana. Duk da haka sanin lissafi daban, iya koyar da shi daban, kuma bambancin yana fitowa ne a wuri ɗaya: abin da malami yake yi da kuskuren yaro.

Ga misali. An ce wa yaro ya haɗa 1/2 da 1/3, sai ya rubuta 2/5. Wanda ya san lissafi kawai zai ja jan biro, ya rubuta 5/6 a gefe, ya wuce. Malami kuwa zai tsaya ya lura cewa yaron ba caca ya yi ba, wata ƙa'ida ya bi: ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma ƙa'idar ta yi masa kama da gaskiya domin a wajen ninkawa haka ake yi. Idan ba a tumɓuke wannan ƙa'ida daga kansa ba, gobe ma ita zai bi. Sai malamin ya ɗauko burodi a zance, ya ce: kana da rabin burodi, na ƙara maka sulusi, yanzu abin da ke hannunka ya fi rabi ko bai kai ba? Yaro zai ce ya fi. To biyu cikin biyar ya kai rabi? Nan za ka ga ya yi shiru, ya sake duba takardarsa, kuma wannan shirun shi ne darasin.

Haka nan a manyan azuzuwa, kusan kowace shekara sai an sami masu rubuta cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². A ƙasar auduga ba sai an wahala ba. Kowane ɗan manomi ya san kar, wato rubu'in hekta, mita 50 tsawo da mita 50 faɗi, murabba'in mita 2,500. Idan aka ƙara mita 50 a tsawo, aka ƙara 50 a faɗi, gonar ta zama hekta guda, kar huɗu ke nan, ba biyu ba. Kar biyun da yaron ya manta da su su ne 2ab ɗin da ya ɓata a rubutunsa. Horon koyarwa na gari wannan idon yake buɗe wa mutum. Wasu sukan same shi da gogewa ba tare da sun shiga ENS ba, wasu kuma sun fito da takarda amma idon bai buɗe ba. A ganina takarda sharaɗi ce da ya kamata a riƙe, amma ba ita ce ma'aunin ƙarshe ba.

Ban da tsayuwa gaban allo, me malamin yake yi?

Abin da ba a gani ya fi abin da ake gani yawa. Tun kafin a koma makaranta malaman lissafi sukan zauna da shugaban sashensu su raba manhajar shekara mako-mako, kuma kowane darasi yana da takardar shiri da malami ya kamata ya rubuta kafin ya shiga aji. Bayan darasi sai ya cika kundin darussa na ajin, ya rubuta abin da ya koyar da aikin gida da ya bayar, ya sa hannu. Yana kiran suna, yana shirya tambayoyin gwaji, yana sa ido ranar gwaji, yana cika maki a takardun sakamako, yana halartar zaman majalisar aji a ƙarshen kowane zango cikin zanguna uku. Idan an ba shi riƙon aji, shi ne zai san wanda ya daina zuwa da dalilinsa. Idan lokacin jarrabawar ƙasa ya yi, ana iya kiransa sa ido ko gyaran takardu.

Gyaran takardu shi ne kashin bayan aikin, kuma shi ne yake cinye dare. A ɗauka malami yana da aji biyar, kowanne da yara casa'in, abin da ba baƙo ba ne a manyan makarantun birni. Takarda 450 ke nan a gwaji ɗaya. Ko minti biyar-biyar ya ba kowace, ya haura awa talatin da bakwai, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40 wuta kuma tana ɗaukewa, da fitilar waya ake yin rabinsa. Malamin da ya rage duba takarda don ya huta, ya rufe tagar da yake leƙa kan yaransa ta cikinta.

Me ake nufi da sabon tsarin koyarwa da ake kira APC?

Tsari ne da ya ce kada ilimi ya tsaya a hadda, a kai yaro inda zai iya warware matsala ta rayuwa da abin da ya koya. Shi ya sa yanzu takardar jarrabawar lissafi take zuwa kashi biyu: kashin da ke auna ƙa'idoji da dabarun da aka koya, da kashin da ke ba da labarin wani hali a ce yaro ya nemo mafita. A ce wani manomin albasa yana son kewaye fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 25 da waya layi uku, kuma ana sayar da wayar a naɗi mai mita 100. Kewayen mita 130 ne, layi uku mita 390. Yaron da ya rubuta cewa a sayo naɗi 3.9 ya yi lissafi daidai amma bai taɓa zuwa kasuwa da tunaninsa ba. Amsar ita ce naɗi huɗu.

Ina goyon bayan manufar, amma ina da ƙorafi biyu. Na farko, wasu labaran da ake sa wa yaranmu an ɗauko su ne daga rayuwar da ba su sani ba, sai yaro ya ɓata rabin lokacinsa yana ƙoƙarin gane labarin kafin ya kai ga lissafin. Na biyu, wasu malamai sun ɗauka sabon tsari ya soke atisaye, alhali wanda bai haddace jadawalin ninkawa ba ba zai kewaye gonar kowa ba.

Yaranmu da Hausa ko Fulatanci suka tashi, darasi kuma da Faransanci ake yi. Ya halatta malami ya yi bayani da harshen gida?

Harshen koyarwa da na jarrabawa Faransanci ne ko Ingilishi, kuma malamin da ya bar yaro bai iya karanta tambaya da rubuta hujja da harshen jarrabawa ba ya cuce shi. Ban da haka, a aji guda za ka sami Bahaushe da Bafulatani da Batufuri da Bamasa da ɗan Mafa da ɗan ma'aikacin da aka turo daga kudu, don haka ɗaukar harshe ɗaya a mayar da shi na aji rashin adalci ne ga sauran. Amma akwai abin da ya fi fassarar kalmomi muhimmanci, wato malami ya san lissafin da yaro ya shigo da shi daga gida.

Mu da dala muke ƙirga kuɗi, kowace dala sefa biyar. Sefa 100 dala ashirin ce, 500 dala ɗari, 1,000 jaka guda. Na taɓa samun wata yarinya a 3e wadda takardunta na lissafi ba sa wuce huɗu ko biyar cikin ashirin, kuma ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa ba ta da kan lissafi. Da yamma takan taya mahaifiyarta sayar da ƙosai. Wata rana na tambaye ta a gaban aji, sefa 375 dala nawa ce? Kafin in rufe baki ta ce saba'in da biyar. Masu na'urar lissafi a gaba ba su gama danna lambobin ba. Sai na rubuta y = 5x a allo, na ce mata abin da take yi kullum a bakin kasko ke nan, kuma shi ne babin da muka yi mako biyu muna fama da shi. Ba zan ce daga ranar ta zama ta ɗaya a aji ba, amma ta daina ajiye biro tun kafin ta karanta tambaya. Yawancin yaran da ake cewa ba su iya lissafi ba, ba lissafin ne ya gagare su ba, gadar da ke tsakanin abin da suka sani da abin da ke kan allo ce ba a gina musu ba, kuma gina ta aikin malami ne.

Wasu dattawa suna ganin lissafin boko ba shi da alaƙa da karatunmu na addini. Me za a ce musu?

A tuna musu da ilimin rabon gado. Idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza da mata, matar tana da sumuni, ɗaya cikin takwas, uwar tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Malamin fara'ili zai ce asalin mas'alar ashirin da huɗu ne: mata uku, uwa huɗu, saura goma sha bakwai na 'ya'ya. Wannan asalin mas'ala shi ne abin da muke koya wa ƙananan azuzuwa da sunan neman ƙaramar lambar da 8 da 6 duka suke shiga cikinta. Zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, ita ce kashi 2.5 cikin ɗari. Kalmar aljabra ma daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na tara, kuma babban kaso na littafin a kan matsalolin gado da wasiyya yake. A ƙasar Hausa kuwa an yi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi irin na hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malamin lissafi da ke aiki a cikinmu ya kamata ya san waɗannan, domin suna buɗe masa ƙofar zauren da takardar ENS ba ta buɗewa.

Me ya sa faɗuwa a lissafi take jawo yaro ƙasa fiye da faɗuwa a wani darasi?

Saboda kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ake ninka makinsa da shi. A ɗauki darasin lissafi mai nauyi huɗu: yaron da ya sami 6 cikin 20 ya gaza matsakaici, wato 10, da maki huɗu, idan aka ninka sun zama goma sha shida, kuma kafin ya cike wannan rami sai ya sami 18 a darussa biyu masu nauyi ɗaya-ɗaya. A sashen C nauyin ya fi haka. Wannan ne ya sa makin lissafi amana ce mai nauyi. Malami ya bi ma'aunin gyara guda ga kowa, ya ba da maki ga hanyar da aka bi ko da amsar ƙarshe ta kauce, ya mayar wa yara takardunsu su gani, ya kuma karɓi gyara idan ya yi kuskuren tarawa. Sayar da maki, ko ba da shi don sanayya, ko amfani da shi a matsa wa ɗaliba, laifi ne da ke iya raba mutum da aikinsa ya kai shi gaban alƙali.

Malami yana da ikon dukan yaro idan ya kasa?

Ba shi da shi. Dokar 1998 ta hana azabtar da ɗalibi a jikinsa. Ladabtarwa tana da hanyarta ta ofishin mai kula da tarbiyya da majalisar ladabtarwa. Kuma a lissafi musamman, yaron da ke tsoron bulala yakan ɓoye kuskurensa ya kwafi na maƙwabcinsa, alhali kuskuren nan shi ne abin da malami yake buƙatar gani.

Wa yake duba aikin malamin?

A cikin makaranta akwai shugaban sashe, akwai mataimakin shugaba mai kula da karatu, wanda ake kira sansar, shi ne ke duba kundin darussa ya ga inda manhaja ta kai, sannan akwai shugaban makarantar. Daga waje kuma masu duba koyarwa na jiha sukan zo su zauna a aji, su kuma shirya tarukan ƙara wa juna sani. Cibiyar nazarin kimiyyar lissafi ta Afirka, wato AIMS, da ke Limbe ma ta yi aikin ƙara horar da malaman lissafi na sakandare tare da gwamnati.

Sai dai ma'aunin da aka fi tambaya shi ne kashi nawa na manhaja aka kammala, kuma nan akwai tarko. A shekarata ta farko, a wata makaranta da ba zan ambata ba, na yi ta gudu don in cika wannan adadi, na kuwa cika, aka yaba mini. Da aka yi jarrabawar gwaji kafin BEPC sai na tarar fiye da rabin ajin ba sa iya raba lamba da lamba a takarda, ni kuwa na wuce da su har ƙa'idar Tales da ta Fitagoras. Laifina ne, domin ban auna inda suke ba kafin in ɗora. Tun daga nan makon farko na kowace shekara gwajin tushe nake fara yi, ko da zai sa a ga kamar na makara.

Darasin gida na kuɗi fa, ya zama dole?

Bai zama dole ba, ko da yake yana taimakon yaron da aka bari a baya. Abin da ba ya halatta shi ne malami ya rage abin da yake bayarwa a aji don a bi shi gida, ko ya riƙa fitar da tambayoyin gwaji daga abin da ya yi wa masu biya. Yara uku ko huɗu da ke haɗuwa bayan la'asar da guntun allo da alli suna warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa sukan ci riba fiye da wanda aka biya wa malami yana zaune yana kallo.

Ana cewa lissafi ba na 'ya'ya mata ba ne. Haka ne?

Ban ga alamar haka a takardun da na gyara ba. Abin da na gani shi ne yarinya takan koma gida ta tarar da ɗiban ruwa da girki da reno, ɗan'uwanta kuma ya ɗauki littafi, sannan idan an zo zaɓen sashe a ce mata C ya yi mata nauyi tun ba ta gwada ba. Nauyin da ke kan malami shi ne ya kira ta allo kamar yadda yake kiran namiji, ya hana a yi mata dariya idan ta yi kuskure, kuma idan makinta ya kai ya faɗa wa mahaifinta baki da baki. Muna kuma buƙatar mata malaman lissafi da yawa, domin akwai iyayen da ganin mace da alli a hannu ya fi gamsar da su fiye da duk wani bayani.

Malam, ni ban yi boko ba. Ta yaya zan gane ko malamin ɗana yana aikinsa?

Ba sai ka iya karatu ba, Alhaji. Ka ce ya kawo maka littafinsa na lissafi sau ɗaya a mako, ka duba ko shafuka suna ƙaruwa, ko akwai zane-zanen da aka yi da rula, ko akwai littafin atisaye daban da na darasi. Ka tambaye shi takardar gwajin da ya wuce: idan an mayar masa da ita, ka duba ko jan biro ya bi cikin aikin layi-layi, ko kuwa lamba ɗaya ce kawai a saman takarda. Ka tambaye shi sau nawa malamin ya shigo a makon nan, da ranar da aka kira shi allo ta ƙarshe. Sannan ka ce ya bayyana maka da Hausa abin da suka yi yau. Idan ya iya faɗin ko da kaɗan ne da bakinsa, darasin ya shiga, idan kuwa sai dai ya karanto maka abin da ke rubuce, akwai sauran aiki.

Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka fara da malamin kansa, ka same shi a makaranta a lokacin da ba ya aji, ka tafi da yaron da littafinsa. In ba a daidaita ba sai ka ga malamin da ke riƙe da ajin, daga nan sai sansar. Kada ka jira takardar sakamakon zango na uku. Ka je tun a watan Oktoba ko Nuwamba, da zarar makin gwajin farko ya fito.